Chaibu Kafinta da Mandolin ta Jiratawa

Duk mai bi ta layin masu gyaran moto, wato babur, a Sabon Garin Maraɗi da sassafe ya san Chaibu Kafinta, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da kan fito masallaci ya zarce rumfarsa, ya share gabanta, ya haɗa da gaban ta maƙwabci, sannan ya hura gawayi a tsohon kasko ya ɗora gwangwanin danƙon fata da yake dafawa da kansa. Kafin danƙon ya narke ya sha kokonsa, ya wasa gizago da wuƙaƙe. Daga hantsi zuwa azahar aikin ƙofa ne da kujera da gadon amare, su ke ciyar da gida. In an sallame azahar sai ya ture katako gefe, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tebur, ya shiga ciki ya fito da aikin da ba ya kawo komai sai ɗan na goro: garayar da fatarta ta yage, gurmin da wuyansa ya kwance, jitar wani ɗan makaranta da aka zauna a kai. Haka yake tun zamanin mulkin soja na farko har watan da ya wuce, da idonsa ya kai inda ba ya raba layin fensir da jijiyar katako, ya miƙa rumfar ga ɗan ƙanensa Shamsu.

Ba a yi masa walima ba, ba a faɗi sunansa a rediyo ba. Shi ya sa muka ga ya kamata a rubuta abin da mutane suka gani da idonsu, tun shaidun suna raye.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne Chaibu bai iya kiɗa ba. Yana iya ɗaure tsirkiya har ta tsaya daidai, kunnensa ba ya kuskure, amma ko waƙar yara ba zai iya kaɗawa ba. Duk da haka rumfarsa ce ta zama mahaɗar masu son kiɗan kantiri a Maraɗi, kiɗan nan na makiyayan Amurka da wasu ke kira kiɗan kaboyi. Tanimu, direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Kano da Kwatano, shi ya fara kawo kaset-kaset ɗin, yana sakawa a rediyonsa yayin da yake jiran a gyara masa katakon bodi. Turancin ba mai ji sai kaɗan. Amma an ji mutum yana kukan gonarsa da ta bushe, da matarsa da ta tafi, da doguwar hanya, kuma wannan ba ya buƙatar tafinta a garin da rabin mazansa ke kan hanya. Sannu a hankali Lahadi da la'asar ta zama ranar zama. Akwai Maman Lawali, malamin makarantar sakandare da ke zaune a unguwar Zariya, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Akwai Alhaji Zakari, ɗan gidan manyan 'yan kasuwa, mai fataucin atamfa. Akwai kuma Hamidu, ma'aikacin jinya daga Jiratawa, shi ne mai mandolin.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mandolin 'yar ƙarama ce, ba ta kai jita ba, tsirkiyarta takwas bibbiyu, muryarta siririya mai kaifi. Ta Hamidu a kafaɗarta katakon ya naɗe kamar ƙahon rago, launinta ya yi duhu kamar zuma da ta daɗe, inda hannu ke gogawa kuma ya koɗe har fari. Wani Ba'amurke da suka yi aikin rijiyoyi tare a shekarun fari ne ya bar masa ita da zai koma, ya ce ta kakansa ce. Ta zo da akwatinta, da maɗaurin fata na ratayawa, da ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, wanda makaɗan garaya ke kira farce. Wannan farcen na ƙoƙon kunkurun teku ne, Hamidu ba ya ba kowa aro. 'Yan rumfar suka raɗa mata suna Tsohuwa. In Hamidu ya ɗauke ta ya bi kiɗan nan mai sauri na mutanen duwatsu, wanda ba ganga a cikinsa, wanda ake kira bulugiras, har masu gyaran moto sukan ajiye sifana su matso.

Zafin Maraɗi ba ya barin irin wannan katako lafiya. Kowace bazara sai wani abu ya buɗe. Chaibu ne ke liƙewa, ya ɗaure da tsumma, ya ajiye ta kusa da randa don ta sha sanyi. Tana hannunsa ne, yana gyaran wuyanta, aka aiko daga Jiratawa cewa Hamidu ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. A shekarar zaɓen farko ne na jam'iyyu da yawa. 'Yan rumfar suka je gaisuwa, suka dawo, ba wanda ya ɗaga maganar Tsohuwa. Da aka yi sadakar arba'in Mushe ya ɗauke ta wata Lahadi ya fara lalube, don ya daɗe yana kallon yatsun Hamidu. Daga nan ta zama kamar ta kowa.

Waɗanda suka ga wannan lokaci sun san yadda siyasa ta shiga tsakanin mutane. Alhaji Zakari na wata jam'iyya, Mushe na wata, kuma kowannensu ba ɗan kallo ba ne. A gari in sun haɗu sai ɗaya ya duba agogo, ɗaya ya duba ƙasa. An taɓa jin su suna sa-in-sa a gaban gidan mai har aka shiga tsakani. Chaibu bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai kafa ƙusa a jikin dirkar rumfa ya ce duk mai hular jam'iyya ya rataye ta nan kafin ya zauna. Aka yi dariya, aka kuma bi. Ranar Lahadi kaɗai za ka ga Alhaji yana buga ƙafa ga kiɗan Mushe, har ya ce masa, "Maimaita wancan, Mushe." Da an yi kiran magariba kowa ya ɗauki hularsa, gaba ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Sai aka karya darajar kuɗin saifa. Kayan waje suka gagari talaka, makarantu suka rufe saboda yajin aiki, tsirkiyar mandolin da Tanimu kan samo da ƙyar a Kwatano ta ɓace ɗungurum. Chaibu ya koma wurin maƙwabtansa masu gyaran moto, ya riƙa karɓar tsohuwar wayar birki yana warware ta sili-sili, ya zaɓi mai kauri da marar kauri. Farcen kunkuru kuma ya fara tsagewa a baki. Ya ɗauke shi ya naɗe a auduga ya mayar cikin akwati, ya hau keke ya tafi Tibiri wurin Idirisa mahauci ya roƙi ƙahon bijimi. Ya dafa ƙahon har ya yi laushi, ya danne shi tsakanin ƙarfe biyu ya kwana, ya yanka, ya goge da magagari. Na farko ya yi tauri, Mushe ya ce kamar ana kiɗa da cokali. Ya sake, ya sake, har ya gano na ƙahon saniya mai ruwan toka, wajen tsakiya, shi ke ba da taushin da ake so. Har yau duk mai kaɗa tsirkiya a garin nan, in ka duba aljihunsa, da wuya ka rasa farcen Chaibu.

A cikin wannan matsi ne wata mota ta lalace a layin, wata Lahadi, kan hanyarta ta zuwa Damagaram. Cikinta wani Bature ne mai yawon sayen tsofaffin kayan kiɗa, da tafintansa Habib, mutumin Yamai. Suna jiran makaniki suka ji kiɗa suka matso. Baturen ya tsaya har Mushe ya gama, sannan ya nemi izinin riƙe Tsohuwa. Ya juya ta, ya shinshina, ya haska tocila ta ramin cikinta ya karanta wata 'yar takarda da ke manne a can. Tanimu ya ce ya ga mutumin ya mayar da ita a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Washegari da hantsi Habib ya dawo shi kaɗai, ya sami Chaibu yana feƙe ƙafar kujera.

"Baba, abin nan da ke hannunku ba ƙaramin abu ba ne," in ji Habib. "An ƙera ta tun kafin a haifi uban maigidana. A ƙasarsu masu wannan kiɗa neman irinta suke ido rufe. Ya ce in gaya maka zai ba da abin da zai sayi gida a garin nan."

"Ba tawa ba ce," in ji Chaibu.

"A rumfarka muka gan ta, da kai za mu yi ciniki. Ba sai kowa ya ji ba."

"Mai ita ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya a Jiratawa. In kuna iya jira, ku jira. In ba ku iyawa, Allah shi kiyaye hanya."

Habib ya ce za su je Damagaram su dawo, a hanyar dawowa za su tsaya.

Chaibu bai ɓoye wa 'yan rumfar ba. Ya aika aka kira su a ranar, ya faɗa musu yadda aka yi. Alhaji Zakari ne ya fara magana.

"Malam Chaibu, matar nan ba ta san da wannan zance ba, kuma ba ta taɓa tambayar abin ba. Ni zan aika mata da buhunan hatsi da abin cefane, duk shekara in Allah ya yarda. A bar Tsohuwa inda take."

"Gaskiyar Alhaji ne," in ji Mushe. "Hamidu da kansa ba zai so ta koma hannun wanda zai kulle ta cikin gilashi ba. Nan ya kawo ta, nan yake kaɗa ta. Mu ne mutanenta."

Tanimu ya ce tun da aka fara jam'iyyu bai taɓa jin Mushe ya ce gaskiyar Alhaji ne ba sai ranar. Chaibu ma ya ji, kuma ya san abin da hakan ke nufi. Shi ya fi kowa sanin cewa abin da ke zaunar da mutanen nan biyu a benci ɗaya yana cikin akwatin nan. Shi ma kuma yana son ta. Shekara da shekaru yana shafa ta, ya san kowane tabo na jikinta.

"Alhaji, hatsin da za ka aika alheri ne, ka aika," in ji shi. "Amma wannan gadon marayu ne. Da ma tun rasuwar ya kamata a tambayi matarsa. Yanzu da muka san darajar abin, in muka yi shiru, ya zama mun ci."

"Wa ya ce a ci? Ajiya muke."

"Ajiyar da mai ita bai san nawa take ba, ni ba ni iya riƙe ta."

Alhaji ya tashi ya karkaɗe riga. "To ka yi abin da ka ga dama. Amma ka sani kai ka watsa wurin nan."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Atika. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, in ka kai ta, mutanen nan ba za su sake zama rumfarka ba. Kuma aikin ƙofofin sabon gidan Alhaji da kake jira, ka cire rai."

"Na sani."

"To tunda ka sani, ga ƙuli-ƙuli can na yi jiya, ka tafi da shi ka kai wa yaran."

Da safe ya ɗaure akwatin a bayan keke da tsumma don kada ya bugu, ya kama hanyar Jiratawa. Ya sami Rahmatu, matar marigayin, a filin noman rani, cikin laka har idon sawu, tana dashen albasa. Tun rasuwar ita ke riƙe da gidan. Babbar 'yarta Fadila ta ci jarrabawar shiga makarantar jinya a Damagaram, amma tana zaune gida tana tallar albasar, don babu halin tafiya. Rahmatu ta wanke hannu a magudanar ruwa, suka koma gindin wata bishiyar mangwaro, suka gaisa. Da ta ga akwatin sai ta kawar da kai na ɗan lokaci.

Ya faɗa mata komai, har da abin da Alhaji ya yi alkawari, har da abin da Mushe ya ce game da son Hamidu. Bai rage ba, bai ƙara ba.

"Ni na ɗauka abin wasa ne, Baba Chaibu," in ji ta. "In marigayi zai fita da ita har faɗa nake masa."

"Mu ma ba mu sani ba sai jiya."

"Su abokan nasa, in na sayar za su ji haushina."

"Haushina za su ji, ba naki ba. Wannan ki bar mini."

Ta daɗe tana kallon filin. "In kai ne, ya za ka yi?"

"Ni ba ni da marayu a ɗaki, Rahmatu. Ke ke da su. Abin da kika ce shi za a yi. In kin ce a ajiye, in koma da ita in ci gaba da kula da ita har ɗanki ya girma. In kin ce a sayar, in kawo miki mutanen har gida."

Ta ce ya buɗe ta gani. Ya buɗe. Ta ce ya ɗan kaɗa mata. Ya ce bai iya ba, sai dai ya ja farce a kan tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi in yana ɗauri. Ta saurara har sautin ya mutu.

"Haka yake fara yi kullum kafin ya soma," in ji ta. Ta goge ido da bakin zane. "A sayar, Baba. Yarinyar nan ta tafi makaranta."

Da Baturen ya dawo, Chaibu ya ƙi a yi cinikin a rumfarsa. Ya raka su Jiratawa, aka zauna a zauren mai gari, ga ƙanen marigayin, ga liman, Rahmatu na bayan labule tana ji. Da Habib ya so ya rage daga abin da ya faɗa tun farko, Chaibu ya maimaita masa maganarsa ta ranar a gaban kowa, aka tsaya a kanta. Aka raba gado yadda addini ya ce. Ƙanen marigayin ya ware wani abu ya miƙa wa Chaibu, ya ce ladan dillanci. Ya ce shi kafinta ne, ba dillali ba, ya hau kekensa. Fadila ta tafi Damagaram a wannan shekarar, yau tana aiki a wani asibitin karkara, ƙannenta na makaranta.

Kai ne, Chaibu, ka tuka keke ka kai abin da ka fi so inda ka san ba zai dawo ba. Ba wanda ya tilasta ka, ba wanda zai kama ka da ka yi shiru. Mai amana, na Atika, ka san abin da zai biyo baya kuma ka tafi.

Abin da ya biyo bayan kuwa ya zo yadda aka faɗa. Lahadi ta zo, bencin ba kowa sai Tanimu in yana gari. Aikin ƙofofin Alhaji aka ba wani. Mushe in ya hango rumfar sai ya canza layi. A gari aka riƙa cewa Chaibu ya ci kaso mai tsoka, shi ya sa ya matsa a sayar. Maganar ta kai kunnen Atika a gidan suna, ta dawo ranta a ɓace. Ya ce mata ta bari, wanda ya ci kaso ai za a gani a tukunyarsa. Shekarar ta yi musu tsanani, har keken sai da ya sayar.

Amma kafin ya miƙa Tsohuwa ya kwantar da ita a kan takardar buhun siminti ya zagaye ta da fensir, ya auna kaurinta da zare ya ƙulla. Sauran kuma yana cikin tafin hannunsa. Bayan azahar, in ba aikin gyara, sai ya fito da takardar. Mandolin ta farko da ya haɗa, da falankin silin ya yi ta, da ya ja farce ta yi ƙara kamar gwangwani, ya cire tsirkiyoyin ya ba Atika ta hura wuta. Ya gane fuskar tana son katako marar nauyi, bayan kuma mai tauri. Tanimu ya kawo masa falankin wani akwatin injin da aka yar a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, farin katako mai ƙamshi. Na bayan kuma ya samu a Tibiri, tsohuwar ƙofar maɗaci ce ta wani gida da ya rushe, ta bushe tun zamanin kakanni. Ƙarafunan da ake jerawa a wuya ya yanko daga sandar walda ta tagulla, maɗauran tsirkiya ya ciro daga matattun jitoci. Ta biyu ta yi murya, ya yi murna, bazara na zuwa ta tsage daga sama har ƙasa, don ya fafe fuskar da yawa. Ya zauna ya dube ta, ya ajiye, ya ɗauko sauran falankin.

Ta uku ta kammalu a makon da sojoji suka sake karɓar mulki. Gari ya yi tsit, an dakatar da jam'iyyu, kowa ya ɓoye hularsa. Chaibu ya naɗe mandolin ɗin a zanen Atika, ya taka da ƙafa har unguwar Zariya, ya yi sallama a ƙofar Mushe. Mushe ya fito, ya ga ko wane ne, ya tsaya jim, sannan ya shimfiɗa tabarma, don dattijo ne. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da daɗi. Chaibu ya kwance zanen ya tura masa, ya ɗora farcen ƙaho a kai.

"Ni ban iya ba, Mushe. Ina so in ji ko ta yi."

Mushe ya ɗauka kamar ba ya so. Ya gwada tsirkiyoyin, ya kama wani kiɗa da Hamidu ke yawan yi, ya kai tsakiya ya tsaya.

"Ba ita ba ce," in ji shi.

"Ba ita ba ce. Ita ta tahi. Wannan ce ke akwai."

"Muryarta ta fi bushewa. Ta ƙasan nan kuma tana ɗan zuza."

"Kawo in gani." Ya ciro magagari daga aljihu, ya ɗan goge jakin da tsirkiya ke hawa, ya mayar masa. Mushe ya sake kamawa, wannan karon bai tsaya ba. Matarsa ta leƙo, 'ya'yansa suka fito suka zauna. Da ya gama ya ɗora ta a cinya.

"Na faɗi maganganu a kanka, Malam Chaibu."

"Na ji wasu. Lahadi in kana da sarari, bencin na nan."

Ya zo. Tanimu ya zo da sababbin kaset, masu gyaran moto suka matso kamar da. Alhaji Zakari bai dawo ba, kuma har yau bai sake zama a rumfar ba. In ya wuce a mota yakan ɗaga hannu, Chaibu ya ɗaga. Sau ɗaya direbansa ya sauke falankan akwati a gaban rumfar ya tafi ba tare da saƙo ba. Wannan rashin yana damun Chaibu, bai ɓoye ba. Ya ce Alhaji mutumin kirki ne, kuma shi ya fi kowa jin kiɗan nan a ransa.

Daga ta ukun nan ya ci gaba da ƙerawa, a hankali, ɗaya a shekara ko biyu in ido ya yarda. Akwai guda a Tibiri hannun wani tela da ke haɗa ta da gurmi a bukukuwa. Akwai guda wurin Balkisu, mai gabatar da shirin kantiri a wata rediyo mai zaman kanta, da ita ake buɗe shirin. Ba wadda ta kai Tsohuwa, shi ne farkon mai faɗa. Amma suna jure zafinmu, kuma in sun lalace an san inda za a kai su. Shamsu ya koyi aikin, ya fi baffansa saurin hannu, ko da yake kunnen sai a hankali.

Yanzu an sake yin zaɓe, huluna sun sake fitowa, kuma ba mu san abin da gobe za ta zo da shi ba. A irin wannan lokaci ana yawan neman mutanen kirki a manyan kujeru. Mu mun ga namu a layin masu gyaran moto. Kai ne ka nuna mana cewa abin da aka ba mutum ajiya yana da mai shi, ko mai shi bai tambaya ba, ko abokai duka sun taru sun ce a yi shiru. Kai ne kuma, da aka juya maka baya, ba ka bi gari kana wanke kanka ba, ka koma kan teburinka. Mun gode, Chaibu. Allah ya saka da alheri, ya ba idonka sauƙi, ya sa ka gama lafiya. Masu sana'ar garin nan, tela da makaniki da mai gyaran agogo, da duk wanda ake bar wa kayan mutane a hannu, ga wanda za ku duba.

Da muka je gidansa muka gaya masa za a rubuta wannan, mun same shi a zaure yana goge farcen ƙaho da lalube, don wannan yatsa ke yi, ba ido ba. Ya saurara har muka gama. Muka tambaye shi ko akwai abin da yake so a gaya wa mutane.

Ya yi tunani, ya ce, "Akwai. Garaya biyu da wani gurmi na nan rataye a rumfa, tun kafin juyin mulki aka kawo su, masu su ba su dawo ba. Ni yanzu ba ni gane fuska. Ku rubuta cewa an gyara su, suna wurin Shamsu. Mai abu ya zo ya faɗi alamar abinsa ya ɗauka."